Kafin Ka Ɗora Sola a Rufin Gidanka a Khartum da Omdurman

 

Gaisuwa ga mutanen Omdurman, daga Karari da Sawra har Umbadda. Gaisuwa ga na Bahri da na Khartum. Gaisuwa ga Hausawan Sudan baki ɗaya, na birni da na Mai Wurno da garuruwan bakin Nilu. Ban manta da ku ba, 'yan'uwa da ke Jidda da Riyad da Alƙahira, masu aiko da kuɗi gida duk wata. Na Kano da Maraɗi kuma, ku matso kusa da rediyo, domin rabin zancen nan naku ne.

Yau rufin gida za mu hau. Zancen wutar sola za mu yi, wato lantarkin da ake samu daga hasken rana. Yadda ake lissafinta, yadda ake sayenta, da yadda ake ɗora ta ba tare da asarar kuɗi ko ta rai ba. Wanda ke da takarda da alƙalami a kusa, ya jawo su. Akwai lissafi a gaba, amma mai sauƙi ne.

Mu fara da abin da ya kawo mu nan.

Tun kafin yaƙi, ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne a Khartum, musamman da bazara. Kaso mai tsoka na lantarkin ƙasar daga madatsun ruwa yake zuwa. Babbarsu ita ce Marawi, kimanin kilomita 350 arewa da Khartum, wadda aka buɗe a 2009 da ƙarfin megawat 1,250. Sai ga ranar 15 ga Afrilu, 2023. Yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. Kun fi ni sanin abin da ya biyo baya. An fasa taransifoma an kwashe jan ƙarfen ciki. An tone wayoyin da ke binne a ƙasa. A 2025 jirage marasa matuƙa sun kai hari tashar Marawi fiye da sau ɗaya. A watan Mayu na shekarar suka bugi tashoshin wuta a Omdurman, birni ya faɗa duhu. Da wuta ta tafi, injinan tace ruwa suka tsaya. Mutane suka koma ɗiba daga kogi kai tsaye. Kwalara ta shigo, ta ɗauki rayuka da dama. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

To, wanda ya dawo ya tarar da gidansa ba wuta, me zai yi? Fanka ba ta juyawa. Maganin mai ciwon suga yana lalacewa don ba firiji. Wayar hannu ta mutu, kuma idan ta mutu manhajar banki ta Bankak ta mutu, ba cefane ke nan. Shi ya sa jama'a suka ɗaga kai sama. Wata cibiyar nazarin makamashi mai suna Ember ta ba da rahoto a watan Agusta na 2025 cewa farantan solar da Sudan ta shigo da su daga ƙasar Sin sun ninka kusan sau shida cikin shekara ɗaya. Haka mutanen Yaman suka yi bayan yaƙinsu ya yi tsanani a 2015. Haka na Labanan suka yi da lantarkinsu ya durƙushe.

Rana kuwa ba ta yi wa Khartum rowa. Birnin yana cikin wuraren da suka fi samun hasken rana a duniya. Saboda haka in ka ji wani ya ce solarsa ba ta aiki, kada ka zargi rana. A ƙasa aka yi kuskuren: a wajen lissafi, a wajen batir, ko a hannun wanda ya haɗa.

Yanzu mu san kayan da sunayensu.

Akwai faranti, wanda wasu ke cewa allon sola. Shi ke shan rana ya ba da wuta. Akwai batir, mai ajiye wutar don dare. Akwai inbata, wadda ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, wadda firiji da talabijin ke iya ci. Sai na'urar daidaita caji, mai tsare batir kada ya cika ya wuce kima. A yawancin inbatocin yanzu tana haɗe a ciki. Ɗauki batir a matsayin randar tsakar gida, faranti kuma mai ɗebo mata ruwa, wanda da rana kaɗai yake aiki. In randa ƙarama ce, kome ƙwazon mai ɗiba, kafin asuba za a ƙwanƙwasa a ji wayam. In randa babba ce mai ɗiba kuma ɗaya, ba za ta taɓa cika ba. Dole su dace da juna, su kuma dace da yawan masu sha.

To ga lissafin. Ku kasa kunne, nan ne gindin maganar.

Maigida ya shiga kasuwar Sabrin a Karari, ko Sajjana a Khartum inda aka san ana sayar da kayan gini da na wuta. Mai shago ya tare shi: "Alhaji, faranti nawa za a ba ka?" In ka amsa wannan tambaya a tsaye a bakin shago, ka riga ka fara asara. Amsar tana gida. Kuma wadda ta fi kowa saninta ita ce uwargida, domin ita ta san abin da ake kunnawa, da lokacin da ake kunna shi. Ku zauna tare.

Kowane kayan wuta yana da lamba a jikinsa, da harafin W a gefe. Wat ke nan, wato yawan wutar da yake ja. Ka ɗauki wannan lamba ka ninka ta da awoyin da yake aiki a yini. Wat sau awa. In ya kai 1,000, ya zama yunit ɗaya, irin wanda kuka saba saye a mita.

Ga misalin gida matsakaici a Sawra. Fankar sama guda 3, kowace wat 70, suna juyawa awa 10. Wannan 2,100. Ƙwan fitila na zamani guda 6, kowane wat 10, awa 5. Wannan 300. Firiji, a zafin nan namu, ka ba shi 1,500. Talabijin 400. Cajin wayoyi 100. Injin jan ruwa zuwa tanki, awa ɗaya, 500. In ka tara, 4,900 ne. Mu ce yunit 5 a yini.

Yunit 5. Riƙe wannan.

Yanzu faranti. Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne babba, mai rubutun wat 550 ko kusa da haka. A Khartum ana samun abin da ya kai awa 6 na cikakkiyar rana a yini. A takarda, 550 sau 6 ya haura yunit 3. Amma a kan rufi ba za ka ga haka ba. Zafi zai ci nasa, ƙura ta ci nata, waya da inbata da batir su ci nasu. Abin da zai iso hannunka bai wuce yunit 2 da rabi ba, wani lokaci ƙasa da haka. Faranti 2 ke nan da ƙyar, ranar da aka yi hazo kuma a kwana a duhu. Faranti 3 su ne kwanciyar hankali ga wannan gida.

Na ce zafi zai ci nasa. Wannan yana ba mutane mamaki. Ana zaton in rana ta ƙwalle faranti murna yake. Haske yake so, zafi kuwa yana rage masa ƙarfi. Waccan lamba ta 550 an auna ta ne faranti yana da ɗumin digiri 25. A watan Mayu a Omdurman iska kanta tana wuce 40, jikin faranti kuma ya kai 65 ko 70. A wannan hali yana rasa kusan kashi 15 cikin 100 na ƙarfinsa. Saboda haka in injiniya ya ce ka ƙara faranti ɗaya a kan lissafin takarda, ba cutarka yake son yi ba.

Kun lura ban ambaci na'urar sanyaya ɗaki ba? Da gangan ne. Iyakwandishan mai gas, ƙarami, yana jan wat 1,000 ko fiye. In ya kwana yana aiki awa 8, ya cinye yunit 8 shi kaɗai, fiye da duk abin da muka lissafa wa gidan nan. Mai sanyaya ɗaki da ruwa, wanda mutanen Sudan suka daɗe da sabawa da shi, bai kai rabin haka ba, kuma ya dace da busasshen zafin bazara. Dutsen guga da butar lantarki su ma masu haɗiya ne. Shawarata ita ce ka fara rage ci kafin ka ƙara faranti. Akwai fankoki na zamani masu jan wat 30. In ka sauya ukun nan, 2,100 ta dawo 900. Kuɗin fanka uku bai kai na batir ɗaya ba.

Mu zo kan batir. A nan zan ɗan daɗe, domin nan kuɗin jama'a ya fi nutsewa.

Faranti mai kyau yana yin shekara 25 yana aiki. Batir shi ke mutuwa, kuma shi ya fi tsada. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai na dalma, mai nauyi, wani da ruwa wani busasshe. Akwai na litiyam.

Na dalma mai rubutun bolt 12 da amfiya 200 yana ɗaukar wat-awa 2,400. Amma rabi kawai kake da ikon sha. Na maimaita: rabi kawai. In kana zuƙe shi har ƙasa kowane dare, kana kashe shi da hannunka. Saboda haka kowane ɗaya 1,200 yake ba ka. Gidan misalinmu yana buƙatar kusan yunit 3 tsakanin magariba da hantsi. Guda biyu ba za su kai ba. Yawanci huɗu ake haɗawa. Sannan ga zafi. Duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage wa batir ɗin dalma kusan rabin kwanansa. Ka tuna ɗakin kwanon da aka tura shi ciki, wanda da azahar ko mutum ba ya iya zama. Shi ya sa za ka ji maƙwabci yana cewa, "Bara na saya, bana ya daina kai mu sha biyun dare."

Na litiyam guda ɗaya mai yunit 5 zai ɗauki wannan gida, domin ana iya shan kashi 80 cikin 100 nasa ko fiye, kuma yana jure caji sau dubbai. Kuɗinsa a ranar saye yana da ɗaci. Amma wanda ya sayi na dalma sau uku ya biya fiye da haka. In da hali, litiyam nake ba da shawara. In babu hali, a sayi ƙaramin tsari mai inganci, fanka ɗaya, fitilu, caji, a bar wurin ƙari nan gaba. Araha ba ta ado, a wajen batir kuwa ba ta ko kwana.

Kada a haɗa tsohon batir da sabo. Tsohon zai jawo sabon ƙasa. Kada a ɗauko na mota, ba don wannan aiki aka yi shi ba. Na dalma mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, don haka ba a ajiye shi a ɗakin kwana, ba a kusantar da shi ga murhu ko garwashin shayi. A sama masa wuri mafi sanyi a gida, mai shan iska, a ɗaga shi daga ƙasa, nesa da hannun yara. In ruwansa ya ragu, tataccen ruwan batir ake ƙarawa. Ban da na famfo, ban da na kogi.

Ga dabarar da ba ta cin ko sisi, kuma ita ke tsawaita ran batir. Aikin nauyi a yi shi da rana. Uwargida, guga da hantsi. Injin wanki da hantsi. Jan ruwa zuwa tanki kafin azahar. Firiji ya yi ƙanƙara da rana, da dare a rage buɗe shi. Lokacin nan wuta daga faranti take zuwa kai tsaye, batir yana hutawa. Aikin nauyi da rana, dare kuma na fanka da fitila ne.

Inbata ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Abu biyu. A nemi wadda ke ba da tsaftatacciyar wuta irin ta layin gwamnati, domin mai arahar nan tana sa fanka gurnani, tana kuma ƙona firiji a hankali. Sannan a tuna duk abin da ke da mota a cikinsa, firiji ko injin ruwa, yana fizgar wuta ninki uku ko fiye a daƙiƙar da ya tashi. Inbata mai wat 3,000 za ta wadaci gidan misalinmu.

Masu sauraro, yanzu mu hau rufin. Amma kafin a kafa tsani, ku saurari wannan da kyau.

Gidan da aka yi faɗa a unguwarsa, rufinsa ba wurin hawa ba ne kai tsaye. Harsasai da rokoki da gurneti da ba su fashe ba suna nan a kan rufi, a cikin tarkace, a bayan tankin ruwa. Masu aikin kwance nakiyoyi na Majalisar Ɗinkin Duniya sun sha gargaɗin masu komawa Khartum a kan haka. In ka ga ƙarfen da ba ka sani ba, kada ka taɓa. Kada ka ɗaga. Kada ka wurgo shi ƙasa. Ka sauko, ka hana yara hawa, ka sanar da hukuma. Kuma kada a aiki yaro ya fara hawa ya duba. Babba ne zai duba, da rana tsaka, a hankali.

Bayan haka a dubi lafiyar rufin kansa. Rufin da ya sha girgizar bama-bamai yana iya tsagewa ta inda ido bai kai ba. Babban faranti ɗaya yana kusa da kilo 30, ban da ƙarafan da za su riƙe shi, ban da mutanen da za su taka.

In rufin kankare ne lafiyayye, an huta. A kafa ƙafafun ƙarfe da ƙusoshi, a toshe duk ramin da aka huda, domin ruwan Agusta, ko da ba shi da yawa, yana gane rami. In kwano ne, a ɗaure a jikin ƙarfe ko katakon da ke ƙarƙashi. Kwanon shi kaɗai ba ya riƙe komai. A kuma bar tazara, aƙalla taƙi guda, tsakanin faranti da kwano don iska ta ratsa. In rufin ƙasa ne irin na tsofaffin gidajen Omdurman, ni dai ban ba da shawarar a huda shi ba. A kafa rumfar ƙarfe a tsakar gida a ɗora farantan a kai. An sami wuta, an sami inuwar zama, wankewa ma ta zo da sauƙi.

Kada kowa ya yarda a danne masa faranti da bulo ko duwatsu a ce an gama. Kun san habub, guguwar ƙurar nan. Kun san yadda take tasowa da la'asar, sama ta yi ja, kwanon gidaje ya tashi. Faranti mai tsawon fiye da mita 2, in iska ta shiga ƙarƙashinsa, zai sauka ne a gidan maƙwabci, wataƙila a kan ɗan wani. A ɗaure da ƙusa, a ƙara walda a kan ƙusoshin don ɓarawo ma ya sha wuya.

Ina zai fuskanta? Kudu. Ka tsaya ka dubi inda rana ke fitowa, hannunka na dama shi ne kudu. Kada a auna da alƙibla, domin a Khartum alƙibla tana arewa maso gabas. A karkata shi kaɗan, kimanin digiri 15. Shimfiɗa shi kwance yana tara ƙura, ruwa kuma ya kwanta a kai.

Sai inuwa. Ka hau da safe ka duba, ka hau da azahar, ka hau da la'asar. Ina inuwar darbejiya ke faɗawa? Ina ta tankin ruwa? Ina ta benen maƙwabci? Farantai a jere suke kamar yadda aka ɗaura su, wuta tana bi ta ɗaya zuwa ɗaya. Inuwa a kusurwar guda tana iya rage ƙarfin sauran duka.

Yanzu zancen mai haɗawa da mai sayarwa.

Tun da sola ta yi kasuwa, kowa ya zama injiniya. Akwai ƙwararru na gaske, matasa da suka karanci aikin, suna kuma yin sa da amana. Akwai kuma wanda jiya yake sayar da wani abu daban. Yaya za ka bambance? Ƙwararre zai zo gidanka kafin ya faɗi farashi. Zai tambayi abin da kuke kunnawa. Zai hau rufi. Zai duba tsofaffin wayoyin bango, musamman a gidan da aka yi wa wawaso. Ka ce masa, "Injiniya, kai ni gidan da ka yi wa aiki bara." Aikin bara, ba na makon jiya ba. Ka tambayi mai gidan ƙarfe nawa wutarsa ke ɗaukewa da dare.

A rubuta komai. Sunan kamfanin faranti, ko Jinko ne, ko Longi, ko Trina, da lambar jikin kowane ɗaya. Girman batir da ranar da aka ƙera shi. Wa'adin garanti, da wanda za a nema in abu ya lalace. A auna kowane faranti a rana, a gabanka, kafin a hau da shi, domin kayan sun yi tafiyar kimanin kilomita 800 a mota daga Fot Sudan, kuma akwai masu liƙa takardar babban wat a jikin ƙaramin faranti. Kada a biya kuɗi duka a rana ɗaya. A riƙe wani kaso sai an kwana uku ko huɗu an ga yadda dare ke wucewa. Mai haya kuma ya rubuta yarjejeniya da mai gida cewa kayan nasa ne, zai kwance su ranar tashi.

Akwai wuraren da ba a tsumulmula. Waya mai kauri ta jan ƙarfe, domin siririya tana zafi har ta kama wuta. Fis tsakanin batir da inbata. Makashin wuta tsakanin farantai da inbata, domin faranti ba shi da makunni, muddin akwai rana yana ba da wuta, kuma in an jera da yawa ƙarfinta yana kisa. Sandar ƙarfe da ake kafawa a ƙasa don ta janye wutar da ta ɓalle.

Ga kuma wanda ya fi damuna. Makunnin sauya layi, wanda ke raba wutar solarka da layin gwamnati. A yanzu haka ma'aikatan lantarki suna hawa turaku unguwa unguwa suna gyara. Sun kashe layi daga tasha, sun tabbata ba wuta. In gidanka yana mayar da wuta cikin layin nan ta baya, ka sa ran bawan Allah a haɗari, shi bai sani ba, kai ma ba ka sani ba. Ka tambayi injiniyanka ƙarara: "An raba ni da layin waje?" Ya nuna maka da hannunsa.

Wata magana kuma, tsakanina da ku. An kwashe farantai da batura daga gidajen mutane, da asibitoci, da rijiyoyin unguwa. Suna yawo a kasuwa da rabin kuɗi, ba rasit, ba kwali, wani da guntun waya a jiki inda aka yanke. Kowa ya san asalinsu. Mai su wataƙila yana sansanin gudun hijira, wataƙila maƙwabcinka ne da bai dawo ba. Duk wanda ya saya ya ba ɓarawo dalilin komawa. Kada mu haskaka ɗakinmu da kayan da aka raba wani da su yana kuka.

Mu sauko kan kulawa, a taƙaice.

Ƙura ce abokiyar gaba. In aka bar ta makonni, tana iya cinye kashi ɗaya cikin biyar na wutar, ko fiye. A wanke sau ɗaya a mako, da kuma washegarin kowace habub. Da sassafe ake wankewa, ko bayan rana ta yi sanyi. Ruwan sanyi a kan gilas mai zafi yana iya tsaga shi. A fara zuba ruwa ya kwashe yashi, sannan a bi da tsumma mai laushi. Ban da tsintsiya, ban da omo, ban da takawa a kai.

Ranar da batir ɗin dalma ya mutu, kada a fasa shi a gida, kada a bar yara su yi wasa da shi, kada a zubar da ruwansa a tsakar gida. Dalma guba ce, ta fi kuma cutar da ƙananan yara. Masu sauraro na Najeriya ba su manta Zamfara ba a 2010, inda gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400. Dalmar da ke cikin batir ita ce dai wannan. A mayar da shi ga mai sayarwa a rufe, yawanci ma yana rage maka kuɗin sabo.

Saura abu ɗaya kafin lokaci ya ƙwace mana. Ba kowane gida ne zai iya sayen abin da muka lissafa ba. Yawancin masu dawowa sun dawo hannu wofi. Amma injin jan ruwa na sola ba ya buƙatar batir ko ɗaya. Rana ta fito, ya ja ruwa ya cika tanki, rana ta faɗi, ya huta. Abu mafi tsada ya fita daga lissafi ke nan. Gida goma ko ashirin za su iya haɗa kuɗi su tayar da rijiyar unguwa, kamar yadda aka haɗa hannu aka riƙe tukwanen takaya, wato girkin sadaka na unguwa, lokacin da yunwa ta matsa. Wanda kuma Allah ya hore wa sola a gidansa, ya fito da soket ɗaya zaure don maƙwabta su yi caji, ya bar gurbi a firiji don maganin mai ciwon suga. Cajin waya goma bai kai abin da fanka ɗaya ke ci cikin awa uku ba.

Ku kuma 'yan'uwa na Jidda da Riyad, in an bugo an ce a turo kuɗin sola, ku ce a fara turo hoton takardar lissafi, da hoton rufin, da sunan wanda zai haɗa. Ku tambaya ko babba ya hau ya duba rufin. Ku tambaya ko an sa makunnin raba layi a cikin kuɗin. In an amsa waɗannan, ku tura da bismillah.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya mayar da kowa ɗakinsa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.